Babin da Nake Gogewa Kafin Makaranta

Litinin, 5 ga Mayu, kafin in tafi makaranta

Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko Dokas da muke zama benci ɗaya. Kullum da safe, kafin Baba Tsoho ya dawo daga masallaci, nakan buɗe kwamfutarsa in kawar da abin da ya rubuta jiya.

Ba don mugunta ba ne. Bari in rubuta yadda abin yake, ko ni ma na gane.

Baba Tsoho kakana ne, mahaifin Umma. A gidansa muke zaune a unguwar Liman Abaji, cikin Keffi, tun rasuwar matarsa Hajiya, don Abba a garin Lafiya yake aiki, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Da can hedimasta ne. Har yanzu masu furfura suna rusuna masa a hanya. Tun ina aji uku na firamare yake rubuta littafin rayuwarsa, da yatsu biyu, yana dukan kwamfutar kamar tafireta. Da hantsi yake yi, bayan na tafi makaranta Umma ta tafi shagonta na ɗinki. Littafin ya kusa ƙarewa. Kawu Mahfuz ya ce bayan Babbar Sallah za a buga shi, a yi taro, a gayyato tsofaffin ɗalibansa.

Da Ƙaramar Sallah Kawu ya zo daga Abuja ya sa wa kwamfutar wani abu, ya bar mana 'yar na'urar intanet. Ya ce daga yau duk sanda Baba ya taɓa littafin za a ajiye kwafinsa a can wani wuri, na yau daban, na jiya daban. Baba Tsoho ya ce, "Wato rumbu ka gina mini inda ɓera ba ya kaiwa." Tun ranar muke ce masa rumbun Mahfuz. Ni Kawu ya koya wa shiga, don ni ce mai sa caji. Za ki ga kwanaki a jere, ki zaɓi ɗaya, ki danna wata kalmar Turanci da ke gefe, sai littafin ya koma yadda yake a ranar. Ya ce, "Sai in ya goge wani abu bisa kuskure fa, Nasiha. Ƙila ma ba za ki taɓa buƙata ba."

Kawu bai yi sati da tafiya ba na buɗe na ga babu babi na ɗaya. Babin da ya fi so, na kakanninsa malamai da yadda suka zo Keffi. A wurinsa akwai wasu kalmomi kamar Hausa amma ba Hausa ba, kamar an gutsure musu wutsiya. Na shiga rumbu na mayar da na ranar Sallah. Washegari haka. Washegarinsa ma haka.

In na faɗa, za su ce abin nan ne da suke rage murya in za su ambata. Shi ya sa.

Talata, 6 ga Mayu, bayan La'asar

Na dawo na same shi a zaure, kwamfutar a rufe a kan cinyarsa.

"Amarya," ya ce, "kin bar angonki da yunwa kin tafi yawon boko."

Na ce ni ba na auren mai haƙori uku.

"Ukun nan duk naki ne. Samarin yanzu wa zai ba ki ko ɗaya?"

Shi kaɗai nake iya mayar wa magana a duniya. A aji ko na san amsa, da malama ta nuna ni sai muryata ta maƙale. Shi ya ce ba komai, rijiya ma ba ta surutu amma ita ake zuwa wa da guga.

Da na kawo masa shayi sai ya riƙe kofin bai sha ba. Ya ce, "Amarya, jiya ban yi rubutu ba?"

Na ce ina makaranta.

"Haka ne. Kina makaranta." Ya dubi yatsunsa biyun nan, ya juya su, kamar su zai tambaya.

Laraba, 7 ga Mayu, da safe

Na danna.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan Magariba

Yau ya yi Azahar sau biyu. Umma ta ce ba laifi, lada ce ta ƙaru. Ta shiga kicin ta daɗe, kuma ba a jin motsin tukunya.

An yi ruwa da iska. Mangwaro ya zubo a tsakar gida, ba wanda ya tsince.

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Kawu ya zo da mota, sun tafi Abuja da Umma da Baba Tsoho. An bar ni da wanke-wanke. Kafin su fita Baba Tsoho ya sa babbar rigarsa ta zuwa taro, ya tambaye ni ko sufeto ne zai zo duba makaranta. Na ce a'a, likita za ku gani. Ya ce, "Likita? Wa ba shi da lafiya?" Kawu ya yi dariya da ƙarfi, irin wadda ba dariya ba.

Asabar, bayan Isha'i

Sun dawo. Kafin Kawu ya juya ya kira ni gefen mota. Ya ce, "In kin ga ya fara ɓata littafin nan ki kira ni, in zo in ɗauke kwamfutar. Aikin shekaru ne, ba za mu zuba ido ya rushe shi da hannunsa ba. Ya taɓa wani abu?"

Na girgiza kai.

Ɗazu kuma Umma ta yi waya da Abba a wajen tankin ruwa, ta manta tagar ɗakina a nan take. Ba zan rubuta duk abin da na ji ba. Guda ɗaya zan rubuta.

Ta ce, "Har zancen rubutun nan na gaya wa likita. Kullum kafin in fita shago sai ya buɗe ya kira ni, Zubaida zo ki gani, jiya na cika shafi an ɗauke. In duba, littafi yana nan yadda yake tun Sallah, ko ɗigo bai ƙaru ba. Likitan ya rubuta a takardarsa. Ya ce wannan ma yana ciki."

Wannan ma yana ciki.

Lahadi, 11 ga Mayu, da safe

Jiya bai yi rubutu ba, don haka yau babu abin kawarwa. Na ji daɗi. Daga baya na ji kunyar jin daɗin.

Litinin, 12 ga Mayu, kafin makaranta

In na bari, littafin zai lalace, Kawu ya ɗauke kwamfutar. In babu ita me zai yi da hantsi? Zama zai yi a zaure yana kallon bango. In na danna, zai buɗe ya kira Umma, ta duba ta ga babu komai, ta dube shi da idon nan.

Na tsaya a kanta har na ji muryarsa a ƙofar gida yana tsokanar mai ƙosai.

Na danna.

Talata, 13 ga Mayu, da safe

Na danna. Ban karanta ba. Ba na taɓa karantawa. Kawar da ido nake yi, kamar mai haɗiye magani mai ɗaci.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan Magariba

Dokas ta biyo ni gida mu yi aikin lissafi, don a gidansu can Gangaren Tudu ƙannenta ba sa barin mutum ya ji kansa. Muna shiga zaure ta durƙusa ta gaida Baba Tsoho. Bai amsa da Hausa ba. Ya faɗi wani abu da irin kalmomin nan masu gutsurarriyar wutsiya. Ban taɓa jin su a bakinsa ba, sai a rubuce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kama hannunta mu wuce.

Sai Dokas ta amsa masa.

Ya ɗago kai. Ya sake faɗin wani abu mai tsawo. Ta yi dariya ta rufe baki, ta ba shi amsa a hankali tana tuntuɓe. Ya daki cinyarsa. Rabon da in ga haƙoran nan uku duka a waje tun kafin azumi.

A ɗaki ta ce, "Ke Nasiha, shiru-shirunki na munafunci ne! Tun da muka shiga aji ɗaya muke benci guda, ba ki taɓa gaya mini kakanki namu ne ba."

"Naku kamar yaya?"

"Gwandara mana. Irin ta tsofaffi ma, irin ta kakata. Cewa ya yi 'yar gidan wa ce, kuma wai na ci abinci."

Na ce kakana ɗan Liman Abaji ne, kakanninsa malamai ne, duk yana cikin littafi.

"To malaman ne suka koya masa tambayar ko an ci abinci da yarenmu?"

Da ya fita La'asar na ɗauko kwamfutar na buɗe mata na yau. Ta sa yatsa tana bi, tana karantawa a fili, tana komawa baya. Ta ce ya rubuta shi ne yadda kunne yake ji, kuma ita rabi take ganewa.

"Wata mata ce. Tana gasa doya. Ta kankare baƙin da wuƙa, ta ba shi tsakiyar. Ita ta ci gefen da ya ƙone." Ta ɗaga kai. "Mamarsa ce fa. Ina sauran?"

A cikin na Sallah layi ɗaya ne a kanta. "Mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, Allah ya jiƙanta." Shi ke nan, sai aka koma kan malamai.

Alhamis, 15 ga Mayu, da safe

Ban danna ba. Na rufe kwamfutar na tafi makaranta.

Alhamis, bayan Magariba

Tun daga ƙofar gida na ji shi. "Amarya! Ya kwana!"

Na ce wa ya kwana?

"Rubutuna! Na buɗe na same shi inda na bar shi, kamar akuya a turke. Na ƙwala wa Zubaida kira ashe ta riga ta fita. Na ce wa kaina, Dabo, ashe da sauranka."

Na ce masa sannu. Na wuce bayan gida na wanke fuska.

Dokas tana tare da ni, don a hanya na gaya mata komai. Cewa kawai ta yi, "Kai! Ke kuwa?" Sai da muka wuce masu gyaran babur sannan ta ce, "Mu je mu leƙa rumbun nan naku."

Ni a tunanina in an mayar da tsoho, sabon ya mutu ke nan. Ban taɓa duba komai a jerin ba sai wanda nake nema. Dokas ta nuna ta ce, "Waɗannan da ke tsakani fa? Na hantsi ne duka."

Na ce ban sani ba.

"Danna mana, ba ya cizo."

Na danna na shekaranjiya. Yana nan. Na Litinin ma yana nan. Kowanne da farkonsa daban, domin kullum sai ya tarar babu, ya sake farawa daga wani wuri. Duk abin da na kawar ashe yana kwance a ƙarƙashi, yana jira.

Dokas ba ta tsoron dannawa. Ita ta gano akwai wata kalmar a gefen waccan, wadda take sauko da kwafi a ajiye shi daban ba tare da an taɓa littafin ba. Da na san da ita tun farko! Na Sallah muka fara saukewa, muka sa masa suna Na Sallah. Yanzu ko Baba Tsoho ya goge komai, wannan ba zai motsa ba.

Sai muka gangara ƙasan jerin. Kwanakin sun tsaya a tsakiyar Afrilu. Na farkon babu su.

A nan na tuna. Kawu ya faɗa ranar, yana naɗe igiyar caja, cewa rumbun na wata ɗaya yake riƙewa, duk wanda ya wuce wata sai ya fita ta ƙasa. Na ji da kunnena amma ban riƙe ba. Na Sallah ya tsira ne kawai don duk safiyar da na mayar da shi sai ya sake shiga jerin a matsayin sabo.

Muka fara daga na can ƙasa. Ba mu yi nisa ba aka ɗauke wuta, batirin kuma dama saura kaɗan.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan La'asar

Babu wuta tun jiya, an ce taransifoma ce. Kowace rana da ta wuce wani zai faɗi. Da aka tashe mu na naɗe kwamfutar da 'yar na'urar a cikin hijabi na tafi shagon Umma, don mai askin da ke kusa da ita yana da janareta.

Umma ta ce, "Me ya fito da kwamfutar Baba kasuwa?"

Na jona caji. Na jira ta kama. Na juya mata fuskar.

Na ce, "Wannan na ranar Talata ne. Wannan na Litinin. Ya rubuta, Umma. Kullum yana rubutawa."

Ta ɗauke ƙafa daga keken ɗinki. Ta daɗe tana kallo, tana sauka da ido.

"To wa yake ɗaukewa?"

Na kalli yatsun ƙafata.

"Tun yaushe?"

Na ce tun bayan Sallah.

Ta yi salati a hankali. Ba ta dake ni ba. Da ta dake ni da ya fi mini sauƙi. Ta koma kan ɗinki, ta ɗinke bakin hijabi a karkace, ta ɗauki reza ta farke. Can ta ce, "Zan gaya wa likita. Amma Nasiha, kar ki sa rai wannan zai canza sauran."

Na ce to.

Ta tambayi wane irin rubutu ne haka, na gaya mata abin da Dokas ta ce. Ta ajiye rezar. "Mun taso ana cewa mahaifiyarsa ta rasu yana goye. Ba a maganarta a gidan nan. Ban taɓa tambayar dalili ba, haka muka samu."

Na sauke duka kafin mai aski ya kashe janareta. Kowanne na sa masa kwanan watansa.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan La'asar

Kakar Dokas ta zo dubiya daga coci, da zanenta na zumuntar matan coci da doya biyu a kan Dokas. Kaka Filomina sunanta, 'yar ƙarama ce, muryarta ta fi ta girma. Ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Salamu alaikum, Hedimasta," sai ta juya harshe.

Ban san me suka ce ba. Na dai ga yadda ya gyara zama. Maganar tana fita masa ba ya neman kalma, alhali da Hausa yanzu sai ya tsaya tsakiyar zance yana lalube. Umma ta fito da ruwa a faranti ta tsaya da shi a hannu, ta manta ta ajiye.

Ya juyo ya ce mini, "Amarya, kin yi asara. Ashe ɗan ƙauye kika samu."

Kaka Filomina ta ce, "Ɗan ƙauyen da ya san gaisuwa ya fi 'yan birnin da nake gani. Wannan jikar tawa ma in ta buɗe baki da yaren sai kaji su watse."

Dokas ta ce, "Kai, Kaka!"

Na kawo kwamfutar. Dokas tana karantawa, kakarta tana gyara mata baki tana mayar mana da Hausa. Ba duka ne magana ba. Akwai shafin da ta saurara ta ce, "Wannan ba yare ba ne, yatsa ne ya yi barci a kan harafi." Har Baba Tsoho ya yi dariya. Amma sauran magana ce. Wani ƙauye ta hanyar Panda. Rafin da take masa wanka tana goge masa ƙafa da dutse. Yadda take ɗora masa ƙaramin ƙunshin itace a ka don kar ya yi kukan an hana shi aiki. Ranar da wani mutum ya zo daga Keffi da keke, aka ce lokacin karatu ya yi. Ta ƙulle masa gyaɗa a bakin riga, ta bi keken da ƙafa har rafi. A nan ta tsaya.

Ba goye yake ba ke nan. Umma ta ajiye farantin a ƙasa.

Kaka Filomina ta tambaye shi wani abu. Dokas ta raɗa mini, "Sunan mamarsa take tambaya, ko za ta gane gidansu."

Ya buɗe baki. Ya rufe. Ya sake buɗewa.

Ya ce da Hausa, "Na rubuta shi. Ranar da na fara, shi na fara rubutawa, da manyan baƙaƙe don kar ya gudu. Amarya, duba mini."

Na ce zan duba.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan Magariba

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu manyan baƙaƙe a ko ɗaya. Ko'ina ita ce, ita ce, babu suna.

Na ranar farko yana cikin waɗanda suka faɗi.

Talata, 20 ga Mayu, da safe

Na sake bi. Babu.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan La'asar

Na gan shi. Abin da yake hana ni cin abinci ke nan. Ranar farkon nan da na buɗe, a can sama akwai kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, ita kaɗai a layi. Idona ya sauka a kanta. Ina runtse ido in ga wurin da take, da tsawonta, amma ba na ganin haruffan. Yau malamar Turanci ta kira sunana sau biyu ban ji ba.

Baba Tsoho ma yau ba ranarsa ba ce. Dokas ta gaishe shi da yaren ya dube ta kamar baƙuwa. Bai ce mini amarya ba. Da na duba kwamfutar na ga rabin babi na biyar ya tafi, na zamanin da aka fara ba shi hedimasta. Ina jin gwiwar hannu ya ɗora. Na bar shi haka. Na Sallah yana nan a ajiye.

Kaka Filomina ta aiko Dokas ta ce za ta tambayi tsofaffin wajen, amma kar mu ɗora rai, waɗanda za su sani sun kusa ƙarewa.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan Isha'i

Umma ta gaya wa Kawu a waya. Ba sai na tsaya a taga ba, muryarsa tana fitowa har tsakar gida.

"Yaya Zubaida, ba a cikin hayyacinsa ya rubuta ba. Shekara nawa yana da lafiya bai sa wannan a littafi ba? Shi ya zaɓi abin da zai faɗa. Mu ne za mu canza masa yanzu?"

Ban san amsar wannan ba. Na juya ta na juya, ban sani ba.

Ya ce jibi zai zo ya ɗauki kwamfutar ya kai wa masu bugawa, kuma a Abuja za ta zauna.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan Azahar

Na samo tsohon filash na Abba, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta a ɗebi kwafi, a cikin durowa. Na sa Na Sallah a ciki. Na je bayan gida wajen kaji na faɗi maganar da ƙarfi har ta daina maƙalewa.

Asabar, 24 ga Mayu, bayan La'asar

Da Kawu ya shigo ya gaida Baba Tsoho ya miƙa hannu wajen kwamfutar, sai na miƙa masa filash ɗin.

Na ce, "Kawu, ga littafin nan. Na Sallah ne, ba a taɓa ko harafi ba. Ka bar masa kwamfutar."

Ya ce, "Me?" Don a gaban kaji ta fi fita. Sai da na maimaita.

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya je mota ya ɗauko tasa, ya sa filash ɗin, ya daɗe yana sauka yana hawa.

Baba Tsoho ya ce, "Mahfuz, amaryata ka zo ɗauka ko kwamfutata? In ɗaya za ka ɗauka, ɗauki amaryar. Ta fara tsiwa."

Kawu ya yi dariya. Wannan karon ta gaske ce.

Tunda bakina ya riga ya buɗe, na tambaye shi ko rumbun yana iya dawo da wanda ya wuce wata. Ya ciro waya ya yi ta dube-dube, ya shiga nan ya fita can. Ya ce, "Wanda ya faɗi ya faɗi. Me ke ciki?"

Umma ta ce, "Sunan kakarka."

Kawu ya dubi Baba Tsoho, shi kuma yana can yana ɓare gyaɗa yana jera ƙwayar a kan gwiwa. Kawu ya cire tabarau ya goge da bakin riga, alhali ba datti.

A gefen mota ya ce, "To, a bar masa. Amma ki ci gaba da mayar masa da na Sallah duk safiya. Likita ya ce a bar masa komai yadda ya saba. Kar ya buɗe ya ga littafinsa a yamutse hankalinsa ya tashi. Kin ji ko?"

Ba mugun nufi ne da shi ba. Na ga idonsa.

Ban ce to ba. Ban ce komai ba. Ya ɗauka to ce.

Litinin, 26 ga Mayu, kafin in tafi makaranta

Na buɗe. Na jiya layi uku ne, sai harafi ɗaya da ya yi ta tafiya har ƙarshen shafi. Na karanta ukun a fili duk da ban gane ba. Zan kai wa Dokas. Na sauke kwafinsa na ajiye da kwanan watansa, kusa da 'yan'uwansa, inda wata ba zai cinye shi ba. Haka zan riƙa yi duk safiya.

Littafin da Kawu zai buga yana hannun Kawu. Wannan na Baba Tsoho ne.

Ƙila Kawu ne mai gaskiya. Ƙila wata rana ya buɗe ya ga ɓarna ya yi kuka, in zama ni ce sila. Na yi tunanin wannan jiya har na kasa cin tuwo. Amma na ga fuskarsa ranar da ya ce ya kwana, kuma na ga yadda yake juya yatsunsa sauran ranakun.

Sunan ƙila ba zai dawo ba. In zai dawo kuwa, da hantsi zai zo, ina aji, Umma tana shago, ba kowa sai shi da yatsu biyu. Ƙila sau ɗaya tak. In ya zo, zai kwana.

Ba zan sake danna kalmar nan ba. Ban gaya wa kowa ba.

Ga muryarsa can a ƙofar gida, yana ce wa mai ƙosai nata ya fi na jiya ƙanƙanta. Na jona masa caji. Na bar masa a buɗe, daidai inda ya tsaya.